Samuel Fosso: Ɗan Koyon Da Ya Kafa Tarihi Da Ragowar Fim

Idan ana hirar tarihin fim a Afirka, sunayen da ke fara zuwa baki su ne irin su Usman Sembene na Senegal, da Umaru Ganda na Nijar, da kuma namu Adamu Halilu wanda ya ba da umarnin Shaihu Umar a 1976. Hakan daidai ne. Sai dai akwai wata kyamarar da ta riga ta fim shiga lunguna da saƙo-saƙon garuruwanmu, wadda ba kasafai masu sharhi ke waiwayarta ba, wato kyamarar mai hoton situdiyo. Ita ce ta fara koya wa talakan Afirka tsayuwa a gaban fitila, da gyara zaman hula, da riƙe numfashi har sai an ce masa "shi ke nan". Tun kafin a san wani abu wai shi jarumi ko jaruma, mutanenmu sun iya shiga ɗan ƙaramin ɗaki su ari agogo da rediyo, su jingina da babur ɗin da ba nasu ba, su fito a matsayin mutumin da suke burin zama. In wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, to mene ne?

A wannan watan zan kawo wa mai karatu tarihin wani yaro ɗan asalin Nijeriya da ya koyi wannan sana'a a ƙasar da ba tasa ba, ya buɗe shagon kansa yana ɗan shekara 13, sannan ya riƙa yin wani gwaji cikin dare bayan kwastomomi sun watse. Gwajin da ya ɗauka wasa ne, yau ga shi a rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Sunansa Samuel Fosso.

WAƊANDA SUKA RIGA SHI

Sana'ar hoto ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. An bayyana fasahar ga duniya a Faransa a 1839, kuma a 1853 wani baƙar fatar Amurka mai suna Augustus Washington ya ƙaura zuwa Laberiya da kayan aikinsa, ya ci gaba da ɗaukar mutane a can. A Akra, iyalan gidan Lutterodt sun yi suna a harkar tun cikin shekarun 1870. A nan Nijeriya kuwa, Jonathan Adagogo Green ɗan garin Bonny shi ne ya ɗauki shahararren hoton nan na Oba Ovonramwen na Benin a 1897, a cikin jirgin ruwa, lokacin da Turawan Ingila za su kai shi zaman dole a Kalaba.

Amma kakar situdiyo ta gaske ta kama ne dab da samun 'yancin kai. Seydou Keita ya buɗe nasa a Bamako a 1948. Shi da hasken rana ya fi aiki, a tsakar gida, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ba shi aron alƙalami ko rediyo ko Vespa, kuma galibi sau ɗaya tak yake danna kyamara ga kowane kwastoma saboda tsadar kayan aiki. James Barnor ya buɗe Ever Young a Akra a 1953. Malick Sidibe kuwa ɗalibi ne a makarantar koyon sana'o'in hannu ta Bamako lokacin da wani Bafaranshe mai hoto, Gerard Guillat, ya ɗauke shi a 1955 don ya yi masa ado a shago. Da aka gama ado sai ya zauna koyon aiki, daga baya ya buɗe Studio Malick. A Bobo-Dioulasso akwai Sanle Sory da shagonsa Volta Photo tun 1960, a Yamai kuma akwai Philippe Koudjina. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: kyamara tana kallon kwastoma, shi mai hoto yana ɓoye a bayanta. Fosso ne ya zagayo gaba.

YARON DA BA A ƊAUKA HOTO BA

An haifi Samuel Fosso a 1962 a garin Kumba da ke Kamaru, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙabilar Ibo ce daga yankin Afikpo, cikin Jihar Ebonyi ta yanzu. Kamar yadda shi da kansa ya sha bayyanawa, ya zo duniya da lalurar shanyewar gaɓɓai. A al'adar mutanensu a lokacin, jariri in ya yi 'yan watanni akan kira mai hoto ya ɗauke shi. Shi ba a ɗauke shi ba, saboda halin da yake ciki. Mai karatu ya riƙe wannan, domin mutumin da daga baya zai ɗauki kansa hoto sau dubbai, ya fara rayuwa ne ba shi da ko guda ɗaya.

Mahaifiyarsa ta dawo da shi gida Nijeriya wurin kakansa, wanda mai maganin gargajiya ne, kuma a hannunsa yaron ya samu ya miƙe. Ana cikin haka yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, Fosso yana ɗan shekara biyar. Kafin a ajiye makamai a Janairun 1970, ya rasa mahaifiyarsa, ya ɗanɗani gudun hijira da yunwa kamar sauran yaran yankin, ya koma hannun kakarsa mace. A 1972 wani kawunsa ya ɗauke shi zuwa Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda kawun yake sana'ar ɗinkin takalmi. Nan yaron ya zama yaron shago, cikin fata da gam da ƙusa.

Aikin takalmi bai kwanta masa ba. A 1975 ya nemi a kai shi koyon aiki wurin wani mai hoto a garin. Duk wanda ya san yadda ake koyon sana'a a ƙasashenmu ya san yadda abin yake: shara, aike, ɗebo ruwa, riƙe wa maigida fitila, sai sannu a hankali a bar ka ka taɓa kyamara. Akan shekara biyu ko uku ana wannan kafin a yaye mutum. Fosso wata biyar kacal ya yi. A watan Satumba na wannan shekarar, da taimakon kawun nasa, ya buɗe shagonsa, ya raɗa masa suna Studio Photo Nationale. Kirarin da ya yi wa shagon ma abin dariya ne da burgewa a lokaci guda, domin alkawari ya yi wa kwastoma cewa zai fito kyakkyawa, ɗan gaye, kuma duk wanda ya ga hoton zai gane shi. Ka ji yaro ɗan shekara 13! Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

HOTO GOMA SHA BIYU

A nan ne ya kamata mu ɗan tsaya, domin matasan da suka tashi da waya a hannu ba lallai su fahimci abin da ya haifar da gwajin Fosso ba. Irin kyamarar situdiyo ta wancan zamani, mai fitar da hoto murabba'i, tana cin naɗin fim mai ɗaukar hoto 12. In ka ɗora fim, ba ka da ikon buɗe bayan kyamara sai ka naɗe shi gaba ɗaya, don haske kaɗan in ya taɓa shi ya ƙone. Bayan an cire shi, a cikin duhu ƙirin ake sa shi a ruwan magani na farko wanda ke fito da surar, sannan na biyu wanda ke tsayar da ita, a ɗauraye, a shanya. Abin da ya fito shi ne negatif, inda fari ke zama baƙi, baƙi ya zama fari. Daga shi ake haska surar a kan takarda, a ƙarƙashin jar fitila, a sake bin ruwan magani.

To ga matsalar. A ce yau kwastoma tara ne suka zo, masu hoton fasfo da na suna da na biki, kuma kowa an ce masa ya dawo gobe. Dole a wanke fim ɗin a daren nan. Saura gurbi uku ba a taɓa ba. Ko dai ka naɗe su haka nan su tafi a banza, ko ka nemi abin da za ka ɗauka. Fosso sai ya rufe ƙofa, ya kunna fitilu, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya murɗa ɗan agogon jikinta mai ba da jinkirin 'yan daƙiƙoƙi, ya ruga ya tsaya a gaban labule.

Dalilinsa na farko mai taɓa zuciya ne. Yana so ya riƙa aika wa kakarsa a Nijeriya hoto, don ta ga jikan nata yana raye, yana cikin ƙoshin lafiya, har ma ya yi ƙiba. Tsohuwar da ta yi jinyar yaron da ba ya iya tafiya, ta ratsa yaƙi da shi, wace wasiƙa ce za ta kwantar mata da hankali kamar ta gan shi a tsaye da ƙafafunsa? Gani ya kori ji.

Amma da tafiya ta yi tafiya, sai abin ya wuce saƙon gida. Yaron ya fara sa kaya iri-iri: wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu, riga matsattsiya, ƙaton tabarau, farar safar hannu. Yana kwaikwayon mawaƙan da yake gani a mujallu da bangon faifai, musamman Prince Nico Mbarga, mai waƙar Sweet Mother ta 1976, wanda shi ma ruwa biyu ne tsakanin Nijeriya da Kamaru. Wani hoton ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, wani ya juya baya yana waiwaye, wani ya harɗe hannu yana kallon gefe kamar wanda aka ɓata wa rai. Irin waɗannan bai aika wa kowa ba, bai kuma rataya su a shago ba. Adana su ya yi.

Abin da ya kamata ɗalibin kyamara ya lura da shi a nan shi ne, wanda zai ɗauki kansa da irin wannan na'ura ba ya ganin abin da yake ɗauka. Babu wani allo da zai juyo ya kalla. Dole ya auna nisan wurin tsayuwarsa tun kafin ya bar bayan kyamara, ya ƙiyasta inda kansa zai tsaya a cikin firam, ya san wace fitila ce za ta bugi kuncinsa, wacce za ta jefa inuwa a labule. Sakamakon kuma ba zai gan shi ba sai bayan an wanke. In ya yi kuskure, ya yi asarar gurbi, sai wani daren. Kuma da yake fuskar guda ɗaya ce kullum, duk wani bambanci da ya gani tsakanin hoton jiya da na yau ya san daga haske ne, ko tsayuwa, ko sutura. Wallahi babu makarantar da ta fi wannan koyar da haske. A hotuna da yawa ma bai damu da ɓoye fitilun ba, ga su nan a hagu da dama, ga bakin labule, ga daɓen shago. Kamar yana gaya wa mai kallo cewa, na san shiri ne, kai ma ka sani, mu ci gaba.

Masu sharhi a Turai sukan kwatanta shi da Ba'amurkiyar nan Cindy Sherman, wadda ta yi suna wajen ɗaukar kanta a shigar matan cikin fina-finai. To amma ita ta fara wannan jerin nata ne a 1977, a Niyok, bayan ta yi karatun fasaha a jami'a. Fosso ya riga ta da shekara biyu, ba tare da ya taɓa jin sunanta ba.

Kada kuma a manta da garin da ake wannan wasa a cikinsa. Jean-Bedel Bokassa ne ke mulki tun 1966, mutumin da ya naɗa wa kansa kambin sarauta a ranar 4 ga Disamba, 1977, a wani biki da ya lashe dukiya mai yawa a ƙasar da talauci ya yi wa katutu. A 1979 'yan makaranta suka yi bore kan tilasta musu sayen yunifom mai tsada da kamfanin iyalan Bokassa ke ɗinkawa, aka kama su, aka kashe kimanin 100, abin da ya gaggauta kifar da shi a watan Satumba na shekarar. Waɗannan yara sa'o'in Fosso ne. A garin da sarki ke wasan sutura da kuɗin talakawa, ake kuma kashe yara a kan sutura, ga wani yaro can a bayan rufaffiyar ƙofa yana zaɓar wa kansa abin da zai sa da wanda zai zama.

BAMAKO, 1994

Shekara kusan 20 Fosso ya yi yana sana'arsa ba wanda ya san da waɗannan hotuna. Ya sauya wa shagon suna fiye da sau ɗaya, har ya taɓa zama Studio Gentleman, daga baya Studio Convenance. A cikin shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka bazu a biranen Afirka, kasuwar baƙi-da-fari ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe, masu su suka koma gyaran kyamara ko yawon ɗaukar biki.

Sai wani abu ya faru a Niyok a 1991. A wani baje-kolin fasahar Afirka aka rataya wasu hotuna daga Bamako, aka rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gani ya ruɗe, ya tura Andre Magnin zuwa Mali neman mai su. Malick Sidibe ne ya kalli hotunan ya ce ai wannan aikin Seydou Keita ne, kuma ga gidansa can. Aka tarar da tsohon da dubban negatif ɗinsa a adane cikin akwati. Daga nan idon duniya ya buɗe a kan situdiyon Afirka.

A 1994 aka shirya bikin baje-kolin hotunan Afirka na farko a Bamako, wanda Faransawa biyu masu hoto, Francoise Huguier da Bernard Descamps, suka taka rawa wajen kafa shi. Descamps ne ya je Bangui neman masu hoto, aka haɗa shi da Fosso, shi kuma ya fito masa da abin da ya ɓoye tun yana yaro. Aka nuna su a Bamako, mutumin yana da shekara 32, kuma daga wannan rana rayuwarsa ta sauya. A 1996 hotunansa suka shiga wani babban baje-koli a gidan Guggenheim na Niyok, wanda ɗan Nijeriyar nan Okwui Enwezor yana cikin waɗanda suka tsara shi.

Akwai abin dubawa a nan, kuma ba mai daɗi ba ne. Keita da Sidibe da Fosso duk sun yi aikinsu ne a gaban idon mutanensu shekara da shekaru, amma ba a kira shi fasaha ba sai da baƙo ya zo ya nuna da yatsa. Ribar ma ba duka ta dawo gida ba. Bayan rasuwar Keita a 2001, sai da aka yi ta shari'a a kan wa ke da iko da negatif ɗinsa.

DAGA MAI HOTO ZUWA ƊAN WASA

A 1997 wani kantin sayar da kaya masu araha a Faris, mai suna Tati, ya gayyaci masu hoto don bikin cikarsa shekara 50, cikinsu har da Keita da Sidibe da Fosso. An so ya ɗauki masu sayayya a baƙi-da-fari, irin na situdiyon da. Gogan naka ya ce shi kansa zai ɗauka, kuma da kala. Ya fito a matsayin ɗan kasuwa, da matuƙin jirgin ruwa, da ɗan wasan golf, da ɗan fashin teku, har da shigar mata. Wanda ya fi shahara a jerin shi ne hoton da ya kira Basaraken Da Ya Sayar Wa 'Yan Mulkin Mallaka Afirka: yana hakimce a kujera cikin fatar damisa, wuya da hannu sun sha gwal, ya rungumi furanni, ƙafafunsa babu takalmi alhali ga jajayen takalma a ajiye a gefe. Duk wanda ya san Mobutu na Zayar ya san inda aka dosa.

Daga nan aikin nasa ya koma kamar shirin fim sosai. Akwai mai kwalliya, akwai mai kula da sutura, akwai mataimaka a bayan kyamara, shi kuma ya zama darakta kuma jarumi. A 2003 ya yi jerin da ya sadaukar ga kakansa, inda ya fito a shigar mai magani kuma basarake, gadon da yaƙi ya hana shi ci. A 2008 ya fitar da African Spirits, hotuna 14 na baƙi-da-fari, inda ya rikiɗe ya zama Kwame Nkrumah, da Patrice Lumumba, da Nelson Mandela, da Haile Selassie, da Leopold Senghor, da Malcolm X, da Angela Davis, da sauransu. Kowanne ya samo shi ne daga wani sanannen hoto na ainihi. Martin Luther King ya fito da lambar 'yan sanda a ƙirji, kamar yadda aka ɗauke shi da aka kama shi a 1956. Muhammad Ali ya fito da kibau a jiki, irin na bangon mujallar Esquire na 1968. A cikin waɗannan manya ya saka Seydou Keita, mai hoton unguwa, kafaɗa da kafaɗa da shugabannin ƙasa. A 2013 ya zama Mao na ƙasar Sin, yana tambayar wane ne sabon mai faɗa a ji a Afirka. A 2017 ya fito a matsayin baƙin Fafaroma.

Ba duk abin da Fosso ya yi ne zai shiga al'adarmu ba, wannan gaskiya ne. Shigar mata da wasu hotunan da ya tuɓe a cikinsu ba abin da za a buga a mujalla irin wannan ba ne. Amma ɗan wasan da ke son sanin yadda ake zama wani mutum ba tare da an furta kalma ko ɗaya ba, ya nemi African Spirits ya zauna ya kalla. Karkatar wuya kawai, da inda ido ya dosa, da yadda yatsa ya taɓa kunci, sun isa ka ce wane ne wannan. Mu kuwa a finafinanmu, sau nawa ake sa wa yaro matashi garin hoda a gemu a ce wai ya zama dattijo, alhali tafiyarsa da zamansa duk na samari ne?

RANAR DA AKA WATSAR DA NEGATIF A TITI

A watan Maris na 2013 'yan tawayen Seleka suka ƙwace Bangui. A Disamba mayaƙan anti-balaka suka kawo farmaki, gari ya rikice, aka shiga kashe-kashe da ramuwar gayya. Bayan saukar Michel Djotodia a Janairun 2014, dubban Musulmin birnin, cikinsu har da Hausawa da Fulanin da aka haifa a can, suka tsere zuwa Chadi da Kamaru, aka bi gidaje da shaguna ana wasoso. A watan Fabrairu abin ya iso gidan Fosso, lokacin shi yana Faris.

Ɓarayin sun kwashe abin da suke ganin zai yi kuɗi. Negatif kuwa, da yake ba su ga amfaninsa ba, sai suka watsar da shi a ƙasa. Wani mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na AP, Jerome Delay, shi ne ya ci karo da su cikin ƙura, ya gane aikin waye. Shi da wani abokin aikinsa Marcus Bleasdale, da Peter Bouckaert na ƙungiyar Human Rights Watch, suka tsuguna suka tsince dubban negatif, suka zuba a buhuna, daga baya aka kai wa mai su. Mafi yawansu ma ba hotunan Fosso ba ne, na kwastomominsa ne: amare, jarirai, sojoji, 'yan makaranta, mutanen Bangui na kusan shekara 40, Musulmi da Kirista, waɗanda suka tsaya a gaban labule guda.

Abin ya girgiza shi ƙwarai. Tsakanin 2015 da 2016 ya yi wani aiki da ya kira SIXSIXSIX, hotuna 666 na Polaroid, babu sutura ta musamman, babu kwaikwayon kowa, fuskarsa ce kawai daga kafaɗa zuwa sama, kowanne da irin yanayinsa. Mutumin da ya shekara 40 yana aron fuskokin wasu, da masifa ta zo sai ya tsaya da tasa. A 2021 aka yi babban baje-kolin ayyukansa a Faris, a 2023 kuma ya ci kyautar Deutsche Borse a Landan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan hoto na duniya.

ABIN DA YA SHAFE MU

Darasi na farko na matasa ne, masu koyon kyamara a makarantu da waɗanda ke bin 'yan fim lokeshin suna riƙe waya da fitila. Kukan da aka fi ji shi ne na rashin kayan aiki. Fosso da gurbi biyu ko uku a dare ya koyi abin da ya koya, kuma ƙarancin ne ya tilasta masa yin tunani kafin ya danna. Yau mutum zai ɗauki hoto 200 a waya cikin minti goma, bai tsaya ya tambayi kansa daga ina haske ke zuwa ba. Ɗalibi ya gwada wannan: fitila ɗaya, farin bango, fuska ɗaya, hoto 12 kacal. Ya matsar da fitilar gaba, gefe, sama, baya, ya rubuta abin da ya gani kowane karo. Wanda ya yi haka na wata guda, ba zai ƙara haska fuskar jaruma baƙa kamar yana haska bangon siminti ba.

Darasi na biyu ya fi nauyi. A Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Maradi da Damagaram an yi situdiyo masu yawa da suka ɗauki hotunan Sallah, da na angwanci, da na fasfon maniyyata, da na gama makaranta. Tun daga fitowar Turmin Danya a 1990, a irin waɗannan ɗakuna aka riƙa ɗaukar hotunan fosta da kalanda da bangon kaset na finafinan Hausa. A cikinsu akwai tarihin ɗinkinmu, da ɗaurin ɗankwali, da kafin hula, da fuskokin 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya. Zafi da ƙura da damina da gara ba sa jiran kowa, kuma magada da yawa ba su san darajar abin da ke cikin kwalin da aka bar musu ba. Ko Shaihu Umar, fim ɗin da gwamnati ta kashe wa kuɗi, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. In wannan ya kusa salwanta, ina ga negatif ɗin mai hoton unguwa?

Aikin ba mai tsada ba ne. A sa negatif a ambulan na takarda, a rubuta shekara da sunan wuri, a ajiye inda babu laima da zafin kwano, a nemi mai na'ura ya kwafe su a kwamfuta. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Makama da ke Kano, da sassan koyar da aikin jarida na jami'o'i da kwalejojinmu, su ne suka fi cancanta su bi tsofaffin masu hoto gida-gida tun suna raye, su ji daga bakinsu wane ne wannan, wace shekara ce wannan. Fosso ya yi sa'a wasu baƙi sun bi ta titin gidansa a ranar da ya dace. Keita ya yi sa'a yana da akwati. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.